BABI NA UKU: BAWUL ƊIN MAYAR DA HAYAƘI A INJIN MOTA, AIKINSA DA YADDA AKE ƊAURA SHI

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayanin manyan sassan injin mota da kuma bugu huɗu da fistin yake yi a cikin silinda, wato zuƙo iska da mai, da matse su, da ƙonewa, da kuma fitar da hayaƙi. Wannan babi zai ɗora ne daga bugu na huɗu. Za a duba wata 'yar ƙaramar na'ura wadda take tare wani kaso na hayaƙin da ya kama hanyar salansa, ta mayar da shi cikin inji. Abin da ake rubutawa a jikin kwalinta da cikin littattafan gyaran mota shi ne EGR, wato haruffan farko na sunanta da Ingilishi, kuma da su ne kanikawa suke kiran ta a gareji. A wannan aiki za a riƙa kiran ta bawul ɗin mayar da hayaƙi.

Duk wanda ya fara jin aikin wannan bawul yakan yi mamaki, domin a ganinsa hayaƙi shara ce da inji ya riga ya zubar, babu dalilin dawo da ita. Wannan fahimta ce ta sa kanikawa da dama suke ɗaukar bawul ɗin a matsayin tarkace, su toshe shi da zarar ya fara ba da matsala. Babin zai yi ƙoƙarin nuna cewa bawul ɗin yana da aiki na musamman, wato rage zafin wutar da ke ci a cikin silinda, kuma sai an fahimci lokacin da ya kamata ya buɗe da lokacin da ya kamata ya rufe sannan za a iya gano cutarsa ko a ɗaura shi daidai.

3.1 Dalilin Ƙirƙiro Bawul ɗin

Iskar da ɗan Adam yake shaƙa, wadda ita ce inji yake zuƙa, gauraye ce. Kimanin kashi 78 cikin ɗari nata naitirojin ne, kimanin kashi 21 kuma oksijin. Oksijin shi ne mai taimakon wuta ta ci. Shi kuwa naitirojin, a bisa al'ada, shiga yake yi ya fita ba tare da ya haɗu da komai ba. Amma idan zafin cikin silinda ya haura kimanin digiri 1,370 a ma'aunin Selsiyos, sai naitirojin ya soma haɗuwa da oksijin, su haifar da wasu iskoki masu cutarwa waɗanda masana kimiyya suke taƙaita sunansu da NOx. A nan za a kira su gubar naitirojin. Gwargwadon ƙaruwar zafi, gwargwadon yawan gubar da ake samu.

Wannan guba tana fusata hanyoyin numfashi, tana tayar da ciwon asma, musamman ga yara da tsofaffi. Haka kuma tana daga cikin abubuwan da ke haddasa ruwan sama mai tsami wanda yake lalata shuke-shuke da gine-gine. An fara gane girman matsalar ne a birnin Los Anjalis na jihar Kalifoniya a Amurka, inda tun daga shekarar 1943 wani hazo mai sa idanu yaji ya riƙa lulluɓe gari. A farkon shekarun 1950 wani masanin kimiyyar haɗa sinadarai mai suna Arie Haagen-Smit ya nuna cewa hazon yana samuwa ne idan hasken rana ya bugi gubar naitirojin tare da tururin man da bai gama ƙonewa ba, kuma motoci suna daga cikin manyan masu fitar da su.

A shekarar 1970 majalisar dokokin Amurka ta ƙarfafa dokar tsabtace iska, aka tilasta wa kamfanonin ƙera motoci su rage abin da motocinsu suke fitarwa. Daga motocin shekarar 1973 bawul ɗin mayar da hayaƙi ya zama ruwan dare a motocin ƙasar. Ƙasashen Turai sun bi sahu da ƙa'idojin da ake kira Yuro, waɗanda na farkonsu ya fara aiki a 1992. Idan aka dubi ƙananan motoci masu amfani da dizal, za a ga yadda aka riƙa tsuke iyakar gubar da aka yarda mota ta fitar a tafiyar kilomita ɗaya: giram 0.50 a ƙa'idar Yuro 3 ta shekarar 2000, giram 0.25 a Yuro 4 ta 2005, giram 0.18 a Yuro 5 ta 2009, sannan giram 0.08 a Yuro 6 ta 2014. Tun da yake yawancin motocin da ake hawa a Nijeriya da Nijar na hannu ne da aka shigo da su daga Turai da Amurka, sun iso da bawul ɗin a jikinsu, ko da kuwa ba domin dokar nan ƙasar aka sa shi ba.

3.2 Yadda Bawul ɗin Yake Aiki

Domin a fahimci hikimar da ke cikin wannan na'ura, ana iya duban mai gashin masara a bakin hanya. Idan garwashinsa ya yi ja fiye da kima har masara za ta babbake, yakan ɗebi toka ya barbaɗa a kai. Toka abu ce da ta riga ta ƙone, ba za ta sake kamawa ba, saboda haka sai ta danne kaifin wutar ba tare da ta kashe ta ba. Hayaƙin inji shi ne tokar silinda. Mafi yawan oksijin da ke cikinsa ya riga ya ƙone. Idan aka gauraya kaɗan daga cikinsa da sabuwar iskar da inji yake zuƙa, zai tare wuri a cikin silinda, ya shanye wani ɓangare na zafin, ya kuma sa wutar ta ci a hankali. Ta haka zafin ba zai kai matsayin da gubar naitirojin take yawaita ba.

Bawul ɗin yana zaune ne a kan wata hanya da ta haɗa bututun fitar hayaƙi da bututun shigar iska. A cikinsa akwai wani ɗan sanda mai kai kamar murfi, wanda yake zama daram a kan rami. Idan sandan ya ɗaga, hayaƙi ya wuce; idan ya sauka, hanya ta rufe. A injin fetur, hayaƙin da ake mayarwa yakan kasance tsakanin kashi 5 zuwa 15 cikin ɗari. A injin dizal kuwa yana iya kaiwa rabi a wasu yanayi, saboda shi dizal yana zuƙar iska fiye da wadda yake buƙata.

Abin lura a nan shi ne, ba kowane lokaci ne ake son hayaƙin ya koma ba. A injin fetur bawul ɗin yakan kasance a rufe a yanayi uku. Na farko, lokacin da inji yake da sanyi, domin wutar ba ta yi ƙarfin da za ta jure gauraye ba. Na biyu, lokacin da mota take tsaye inji yana sulo, domin iskar da ke shiga kaɗan ce, ɗan hayaƙi ƙalilan zai iya kashe injin. Na uku, lokacin da direba ya take totur har ƙasa, kamar wajen hawan tudu ko wuce wata mota, domin a lokacin ana buƙatar dukkan ƙarfin injin. Yana buɗewa ne idan inji ya ɗumama kuma mota tana tafiya matsakaiciya. Wannan ya nuna cewa zargin da ake yi wa bawul ɗin na rage wa mota ƙarfi bai shafi lafiyayyen bawul ba, tun da a lokacin da ake neman ƙarfin a rufe yake. Injin dizal ya ɗan bambanta, domin nasa bawul ɗin yakan buɗe har a lokacin sulo, ya rufe idan aka ɗora wa injin nauyi.

Bugu da ƙari, a injin fetur bawul ɗin yana hana wata ƙwanƙwasa mai kama da kaɗa tsakuwa a gwangwani, wadda take faruwa idan zafi ya sa mai ya kama da kansa kafin wutar fulogi ta iso gare shi. Wannan ƙwanƙwasa daban take da abin da ake kira nokin a gareji, wato tsayawar inji saboda rashin baƙin mai, amma idan ta daɗe tana iya fasa kan fistin.

3.3 Ire-iren Bawul ɗin

Ana iya kasa wannan bawul gida uku bisa ga abin da yake motsa shi da kuma irin injin da yake ɗauke da shi.

3.3.1 Mai Aiki da Zuƙar Iska

Wannan shi ne na farkon fitowa. Kansa yana kama da faifai na ƙarfe, a ciki akwai tantanin roba da sifirin. Wani siririn tiyo yana kawo ƙarfin zuƙa daga wajen totur, sai tantanin ya ɗaga ya ja sandan sama. Da zarar zuƙar ta yanke, sifirin ya mayar da shi ya rufe. A tsofaffin motoci akwai wani makunni mai jin zafin ruwan lagireto da yake hana zuƙar wucewa har sai inji ya ɗumama. Daga baya aka ba kwamfutar mota wannan aiki ta hanyar wani ɗan makunni na lantarki. Wasu daga cikin irin wannan bawul suna kuma dogara da matsin hayaƙin da ke cikin salansa kafin su buɗe.

3.3.2 Mai Aiki da Lantarki

Wannan ba ya buƙatar tiyon iska. Yana da soket na wayoyi, kuma maganaɗisu ko wani ɗan ƙaramin injin lantarki ne yake tura sandan. Kwamfutar mota tana duba zafin inji da saurin juyawarsa da yawan iskar da ke shiga, sannan ta yanke gwargwadon buɗewar da take so. Da yawansu suna da wata na'ura a kai wadda take sanar da kwamfutar inda sandan ya tsaya, domin ta kwatanta abin da ta umarta da abin da ya faru.

3.3.3 Mai Haɗe da Masanyaya

A injunan dizal na zamani, da wasu na fetur irin su Toyota Prius da ta fito a 2009, hayaƙin yakan fara ratsa wata masanyaya da ruwan lagireto yake zagayawa a cikinta kafin ya isa bawul. Hayaƙi mai sanyi ya fi danne zafi. Sai dai idan masanyayar ta tsage, ruwa zai riƙa raguwa ba tare da an ga ɗigo a ƙasa ba, ana kuma iya ganin farin hayaƙi a salansa.

Yana da kyau a ambata cewa ba kowace mota ce take da wannan bawul ba. Injunan fetur da dama masu iya sauya lokacin buɗewar bawulolin silinda suna riƙe ɗan hayaƙi a cikin silinda da kansu, don haka ba a sa musu shi ba.

3.4 Alamomin Lalacewa

Babbar abokiyar gabar wannan bawul ita ce kunkunniya. Hayaƙi yana tafe da baƙin gari, wanda idan ya haɗu da tururin baƙin mai a bututun shigar iska yakan zama kamar kwalta, ya daskare. Gajerun tafiye-tafiye da daɗewa a cunkoson motoci suna gaggauta taruwarta, haka ma tsohon inji mai shan baƙin mai, da matatar iskar da ƙurar hunturu ta cika, da gurɓataccen mai. Man da farar wuta ta yi yawa a cikinsa yana ƙara dauɗa, yana kuma haifar da ruwa mai tsami da ke cin masanyaya. Rage irin wannan illa ga inji da lafiyar jama'a na daga cikin abin da ya sa ƙasashen ECOWAS suka amince a shekarar 2020 cewa farar wutar da ke cikin mai kada ta wuce kashi 50 cikin miliyan.

Kunkunniya tana jawo ɗaya daga cikin cututtuka biyu, kuma alamominsu kishiyoyin juna ne. Idan ta maƙale a ƙarƙashin sandan ta hana shi rufewa, hayaƙi zai riƙa shiga a lokacin da ba a so. Motar za ta yi wuyar tashi, ta riƙa rawa a sulo, ta mutu idan an tsaya a mahaɗar hanya, ta sha mai da yawa. Ta dizal kuwa ta yi baƙin hayaƙi ta rasa ƙarfi. Idan kuwa hanyar ce ta toshe ko bawul ɗin ya ƙi buɗewa, sulo zai yi daidai, amma a kan hanya motar fetur za ta riƙa ƙwanƙwasa, gubar da take fitarwa kuma ta ƙaru.

Motocin da aka sayar a Amurka daga 1996, da na fetur na Turai daga 2001, suna da soket ɗin da ake jona na'urar bincike. Idan fitilar gargaɗin inji ta kama, na'urar takan nuna lamba. P0401 tana nufin hayaƙin da ke komawa ya yi kaɗan, P0402 tana nufin ya yi yawa, P0403 kuma tana nuni ga matsalar wayoyi ko makunnin bawul. Lambar tana faɗin inda za a duba ne kawai. Sau da yawa bawul ɗin lafiyarsa ƙalau, hanyar ce ta cushe, ko tiyo ya fashe, ko kuma na'urar da ke auna wucewar hayaƙin ce ta mutu, kamar irin wadda ake samu a wasu motocin Ford. Bakaniken da ya sayo sabon bawul saboda lamba kawai yana iya sa mai mota asara, matsalar kuma tana nan.

3.5 Gwaji Kafin Cirewa

Masu iya magana na cewa sai an gwada akan san na ƙwarai. Ga bawul mai aiki da zuƙar iska, ana barin inji ya ɗumama yana sulo, a cire siririn tiyon, a jona ɗan famfon hannu mai zuƙa. Idan aka zuƙa sai injin ya fara shaƙewa ko ya mutu, to bawul da hanyarsa duk suna aiki, sai a koma neman matsalar a tiyo ko makunni. Idan sandan ya ɗaga amma sulo bai sauya ba, hanyar ce ta toshe. Idan kuwa famfon ya kasa riƙe zuƙa, tantanin roba ya yage, sai dai sabo. A nan sai an yi hattara da irin bawul ɗin da ya dogara da matsin salansa, domin wani nau'insa ba ya riƙe zuƙa idan babu isasshen matsin hayaƙi, alhali bai lalace ba.

Ga mai aiki da lantarki, ana duba soket ko ya yi tsatsa ko waya ta tsinke, sannan a yi amfani da na'urar bincike a umarce shi ya buɗe, a ga ko ya amsa gwargwadon umarnin.

3.6 Cirewa da Wankewa da Ɗaurawa

Bayan an tabbatar da inda cutar take, ana bin waɗannan matakai:

(i) A bar inji ya huce sarai, domin wannan sashe yana ɗaukar zafin salansa. Sannan a cire kan batir na baƙar waya.

(ii) A yi wa kowane tiyo da soket alama kafin a cire. Musanya siraran tiyo biyu ya isa ya sa bawul ya riƙa buɗewa a sulo.

(iii) A fesa man sassauta tsatsa a kan notuna a dakata kaɗan. Zafi yakan gasa su, kuma idan aka tilasta da sifana suna iya karyewa a cikin ramin. Idan akwai masanyaya, a danne tiyon ruwa ko a tsiyaye ruwan tukuna.

(iv) A cire bawul a duba bakinsa da ramukan da ke jikin inji. A kankare kunkunniya da burushi da ruwan wankin kafireta, a zura waya a cikin hanyar har sai ta buɗe. Kada a bari ɓarɓashi ya faɗa cikin bututun shigar iska, kada kuma ruwan wankin ya taɓa tantanin roba ko ɓangaren lantarki.

(v) Idan sabo za a sa, a tabbatar lambar da ke jikinsa ta dace da ta injin. Bawuloli biyu suna iya yin kama ta waje alhali faɗin raminsu ko ƙarfin sifirinsu ya bambanta. Wannan ya fi shafar na hannu da ake saya a kasuwannin kayan gyara irin su Ƙofar Ruwa a Kano da Panteka a Kaduna, inda ake tara kayan motoci daga ƙasashe daban-daban.

(vi) A share tsohon gaskit tsaf a sa sabo. Kwali ko gam na yau da kullum ba ya jure zafin wurin, kuma ɗan yoyo kaɗan zai sa inji ya zuƙi iskar da kwamfuta ba ta auna ba.

(vii) A fara ɗaura notuna da hannu, sannan a riƙa matse su bi da bi, kaɗan-kaɗan, zuwa ƙarfin da littafin motar ya tanada, domin bawul ɗin ya zauna daidai ba tare da ya karkace ba.

(viii) A mayar da tiyo da soket da batir, a cika ruwa a fitar da iskar da ta shiga idan an taɓa shi. A goge lambar da na'urar bincike. Wasu motoci suna buƙatar a sa kwamfuta ta koyi matsayin sabon bawul. A ƙarshe a fita da motar kan hanya har ta ɗumama, domin a nan ne kawai bawul ɗin injin fetur yake buɗewa.

3.7 Al'adar Toshe Bawul

Tsofaffin kanikawa da dama sun koyi sana'a ne a kan motoci masu kafireta irin su Peugeot 504 da aka fara haɗawa a Kaduna a 1975, waɗanda kwamfuta ba ta sarrafa su. Da motoci masu kwamfuta suka yawaita, hanya mafi sauƙi ta zama a yanko faranti na ƙarfe a toshe ramin. Hujjar da akan bayar ita ce motar takan daina rawa nan take. Wannan gaskiya ne idan bawul ɗin ya maƙale a buɗe, amma wanki ma zai ba da wannan sakamako. Abin da yake biyo bayan toshewa shi ne, kwamfuta tana ci gaba da tsara lokacin wuta bisa zaton hayaƙi yana shiga, zafin silinda ya ƙaru, injin fetur ya shiga haɗarin ƙwanƙwasa. Fitilar gargaɗi kuma takan zauna a kunne, ta yadda idan wata babbar matsala ta taso direba ba zai sani ba. Wasu motocin dizal ma kwamfutarsu takan rage musu ƙarfi. Gubar da ta ƙaru kuwa, masu talla a bakin titi da 'yan makaranta da shi kansa bakaniken da ke tsaye a bayan salansa su ne suke shaƙar ta.

A Amurka cire ko toshe irin wannan na'ura laifi ne a ƙarƙashin dokar tsabtace iska. A watan Satumba na 2015 hukumar kare muhalli ta ƙasar ta bayyana cewa kamfanin Volkswagen ya sa wa motocinsa na dizal wata dabara a kwamfuta wadda take sa na'urorin rage guba su yi cikakken aiki a lokacin gwaji kawai, a kan hanya kuwa gubar tana iya kaiwa ninki 40 na abin da doka ta yarda. Kamfanin ya amsa cewa abin ya shafi motoci kimanin miliyan 11 a duniya, ya kuma biya tara mai ɗimbin yawa. Abin da faranti yake yi a gareji bai bambanta da wannan ba ta fuskar sakamako.

3.8 Naɗewa

A wannan babi an ga cewa an ƙirƙiro bawul ɗin mayar da hayaƙi ne domin a rage zafin ƙonewa, wanda shi ne tushen gubar naitirojin. An kawo ire-irensa da lokutan buɗewarsa, an kuma nuna cewa alamomin lalacewarsa sun danganta da ko a buɗe ya maƙale ko a rufe. Yawancin matsalolinsa na kunkunniya ne, waɗanda gwaji da wanki da sabon gaskit suke magancewa da kuɗi kaɗan. Babi na gaba zai duba na'urar tace hayaƙi da ke cikin salansa, wadda take ƙarasa aikin da wannan bawul ya fara.